Tunawa da Marigayiya Dakta Ladi Kwali, Maginiyar Tsohuwar Abuja

Lokacin da kwamitin wannan mujalla ya nemi in rubuta wani abu a kan ɗaya daga cikin mutanen da garinmu yake alfahari da su, da farko na yi niyyar ɗaukar marigayi Sarki Sulaimanu Barau, tun da yake sunansa ne garin yake amsawa a yau. Amma da na zauna zan fara, sai na ga duk ta inda na bi tarihin Sarkin sai na ci karo da wata mace wadda ba ta taɓa zama a aji ba, wadda kuma ta kai sunan garin nan wuraren da mu masu takardun shaida ba mu kai shi ba. Shi ya sa na ajiye na Sarki zuwa wani jiƙon, na ɗauki na marigayiya Dakta Hadiza Ladi Kwali, musamman da yake ina da wani bashi nata a kaina wanda zan bayyana a gaba.

Waɗanda muka shiga makaranta tare a 1974 za su tuna malaminmu na tarihi, mai farin keke, wanda ba ya yarda a koyi tarihi a kan allo kaɗai. Shi ne ya tara mu 'yan aji biyu wata ranar Asabar a cikin 1975, ya jera mu biyu-biyu, muka taka da ƙafa har zuwa Gidan Tukwane. Ba zan ɓoye ba, yawancinmu ba da son ranmu muka je ba. A ganinmu na lokacin, ɗan sakandare mai farin wando da takalmin kambas ya wuce a kai shi kallon kwaɓa yumɓu, aikin da muke ɗauka na matan ƙauye ne. A ranar ce na fara ganinta, mace kakkaura mai fara'a, ɗaure da zane da kallabi, tana tsaye a kan wani curin yumɓu da aka ɗora a kan ɗan abin da ya ɗaga shi daga ƙasa. Ta naushi tsakiyar curin ya yi rami, ta shiga jan gefensa sama da yatsunta, tana zagaya shi da baya-baya, ita ke juyawa tukunyar na tsaye. Can sai ta murza yumɓu ya yi tsawo kamar igiya, ta riƙa ɗora shi a baki tana shafewa, tana raha da abokan aikinta ba tare da ta tsaya auna komai ba. Kafin mu ankara randa ta tashi, cikinta a zagaye sumul kamar an zana da kamfas. Surutun da muka zo da shi duk ya mutu.

An haifi Ladi a wajejen 1925 a ƙauyen Kwali, cikin ƙasar Gwarin Yamma, wadda a wancan zamani take ƙarƙashin masarautar Abuja. Sunan nata ma ya nuna ranar Lahadi aka haife ta. A ƙasarsu ginin tukwane sana'ar mata ce, ana gadonta daga uwa ko inna zuwa ɗiya, ita ma a hannun wata 'yar'uwar iyayenta ta koya tun tana yarinya. Kayan aikin ba su taka kara sun karya ba: ɗan katako mai faɗi na bugun jikin tukunya, da tsumma mai ruwa na gyara baki, da 'yar igiya murɗaɗɗiya ko ɗan itace mai tsaga-tsaga da ake mirginawa a jikin ɗanyar tukunya don ya bar zane, sai kuma abu mai tsini na yin ƙyasta. In tukwane sun bushe sai a jera su a fili, a lulluɓe da itace da busasshiyar ciyawa a cinna wuta, in sun gasu a yayyafa musu ruwan makuba tun suna da zafi, wanda shi ke ba su wannan duhun da sheƙin da muka sani.

Abin da ya bambanta ta da sauran maginan tun tana budurwa shi ne daidaiton hannunta da kuma zanenta. Takan raba jikin randa gida-gida da layuka, a cikin kowane gida ta zana wata halitta: kunama, ƙadangare, kada, hawainiya, maciji, kifi ko tsuntsu. Ba ta zana su kamar hoto, takan miƙar da su ko ta lanƙwasa su yadda za su bi ƙirar randar, ta cike jikinsu da ƙananan layuka masu gilma juna. Labarin tukwanenta ya bazu a kasuwannin yankin har ya kai fada, Sarki Sulaimanu Barau ya sa aka sayo masa da dama ya ajiye a gidansa don ado.

A nan ya kamata in ɗan tsaya a kan Sarkin, domin ba kowane basarake ne a wancan lokaci zai dubi randar Bagwariya ya ga abin ajiyewa ba. Sulaimanu Barau tsohon ɗalibin Kwalejin Katsina ne, ya yi aikin koyarwa kafin ya hau gadon sarauta a 1944, kuma mutum ne mai son a san asalin gari. A zamaninsa ne Malam Hassan, Dallatun Abuja, da Malam Shu'aibu Na'ibi suka rubuta tarihin masarautar da al'adunta da Hausa, wanda Frank Heath ya fassara zuwa Turanci aka buga a 1952 da sunan A Chronicle of Abuja. A cikinsa ne aka adana labarin yadda Sarkin Zazzau Makau ya baro Zariya a lokacin jihadi ya yo kudu wajen Zuba, da yadda ƙanensa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, da jerin sarautu da bukukuwan da aka taho da su daga tsohuwar Zazzau. Malaminmu yana da kofe ɗaya wanda bangonsa ya yage, kuma ba ya ba kowa aro. Ina tambayar kaina ko mutum nawa ne a cikinmu suke da wannan littafi a gida yau, ni kaina sai da na yi ritaya na samu wanda aka yi mini hotonsa.

A 1950 wani Bature ɗan Ingila mai suna Michael Cardew, wanda ya yi shekaru yana aikin tukwane a ƙasar Gana, ya zo Nijeriya a matsayin jami'in gwamnati mai kula da sana'ar tukwane. Ya zagaya Arewa yana duba yumɓu da yadda ake gini a kowane wuri, da ya iso Abuja sai ya ga tukwanen Ladi a gidan Sarki, suka tsaya masa a rai. Da aka zo zaɓen inda za a kafa cibiyar koyar da ginin tukwane na zamani, Abuja ya zaɓa, duk da cewa ƙaramin gari ne kuma nesa da layin dogo, saboda akwai yumɓu mai kyau da itacen wuta da ruwa, ga kuma goyon bayan Sarki. Cibiyar ta fara aiki a 1952, ɗalibanta na farko duk maza ne. Sai a ƙarshen 1954 Ladi ta shigo, ta zama mace ta farko a wurin.

A cibiyar ta koyi aiki da faifan juyi wanda ake murzawa da ƙafa, ta iya yin kwanuka da faranti da kofuna da butocin shayi, ta koyi shafa ruwan tangaran da yin zane ta hanyar kankare farar ƙasa da aka shafa a kan baƙa. Amma abin da ya fitar da sunanta duniya shi ne randunan nan nata na gado. Ta ci gaba da gina su da hannu kamar yadda ta koya a Kwali, sai dai yanzu da yumɓun da aka haɗa don ya jure wuta mai tsanani, a cusa farar ƙasa a cikin zanen don ya fito, a shafa ruwan tangaran, sa'annan a gasa a rufaffiyar matoya da zafin da ya haura digiri 1,200. Abin da ke fitowa randa ce mai ƙyalli, mai ƙarfin dutse, wadda kadanta da hawainiyarta suke leƙowa ta ƙarƙashin sheƙi.

To amma akwai wani abu da malaminmu ya nuna mana a ranar, wanda sai da na girma na gane nauyinsa. Ya sa muka taɓa randar gargajiya mai ruwa a ciki, muka ji jikinta da sanyi da danshi, sa'annan muka taɓa mai ƙyallin muka ji ta a bushe. Randar gargajiya tana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu iska tana busar da shi, wannan ne ke sanyaya na ciki. Wadda aka gasa da wuta mai tsanani aka rufe da tangaran ba ta tsattsafo, don haka ba ta sanyaya ruwa, ga nauyi wanda mace ba za ta saɓa a kafaɗa ta je rafi da ita ba, ga tsada wadda ta fi ƙarfin talaka. Ke nan randar da ta kai Ladi Landan ta tashi daga kayan amfani ta koma kayan kallo, kuma masu sayenta yawanci Turawa ne da manyan ma'aikata. Na sha jin masu ilmi suna gardama a kan ko cibiyar ta raya sana'ar Gwari ne ko ta sauya mata hanya. Ni dai a nawa ganin, da ba a yi hakan ba da wuya a ce ko randa ɗaya ta Ladi ta kai yau, domin tukunyar ƙasa ba ta daɗewa a hannun masu aiki da ita. Sai dai kuma abin da aka adana ɗin siffar ce da zanen, ita sana'ar da ke ciyar da matan ƙauye roba da bokitin ƙarfe da kwanon samira ne suka ci kasuwarta, kuma babu wata matoya da za ta iya hana wannan.

Daga ƙarshen shekarun 1950 sunanta ya fara fita waje. An nuna tukwanen Abuja a Berkeley Galleries da ke Landan a 1958 da 1959 da 1962, kuma nata ne suka fi jan hankalin masu kallo. A farkon shekarun 1960 ta je Ingila da kanta, ta yi gini a gaban ɗalibai da ƙwararrun magina, ta kuma je Jamus da Faransa, a cikin waɗannan shekaru ne aka ba ta lambar MBE. A 1972 ta zagaya Amurka tare da Cardew tana nuna yadda ake tayar da randa ba tare da faifai ba. Ba ta da Turancin yin lacca, hannunta ne yake bayani, kuma waɗanda suka yi aiki da ita sun shaide ta da son hira da barkwanci har ana yi mata laƙabi da Rediyo Abuja.

Shigarta cibiyar ya buɗe wa wasu mata ƙofa. Halima Audu ta biyo bayanta, sai Asibi Ido da Lami Toto da Kande Ushafa, aka ware musu wani ɗaki da ake kira Ɗakin Gwari inda suke gina manyan randuna da hannu. Ko bayan Cardew ya bar Abuja a 1965 Michael O'Brien ya karɓi ragamar wurin, ita ce dai fitilar gidan. Har daga ƙasashen waje ana zuwa koyo a wurinta. Magdalene Odundo, haifaffiyar Kenya wadda ta zama ɗaya daga cikin shahararrun magina a Ingila, ta zo Abuja a tsakiyar shekarun 1970 ta koyi ginin hannu a wurin su Ladi. Wato a daidai lokacin da mu 'yan gari muke jan ƙafa don an ce mu je kallo, wasu jirgi suke hawa su zo.

A gida ma an karrama ta tun tana da rai, wanda ba kasafai ake yi wa masu sana'ar hannu ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na Dakta a 1977, a 1980 aka ba ta lambar yabo ta ƙasa da ake ba waɗanda suka yi fice a fagen ilmi da fasaha, a 1981 kuma aka ƙara mata da OON. Na tuna yadda labarin digirin ya iso makaranta muna aji huɗu, wasu daga cikinmu har da dariya, wai Dakta ba ta iya rubuta sunanta ba. Malaminmu bai yi mana faɗa ba, sai ya ba mu aikin gida, kowa ya samo yumɓu ya gina ɗan kasko ya kawo ranar Litinin. Babu ko ɗaya da ya tsaya daidai, nawa ma tun a hanya ya rabe biyu. Ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta, 1984, shekara ɗaya bayan rasuwar Cardew. Allah ya jiƙanta. Cibiyar da ta yi wa aiki kusan shekara talatin an sa mata sunanta.

A cikin shekarun ƙarshe na rayuwarta ne ƙasar da ta taso a ciki ta sauya kama. A watan Fabrairu na 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yanke shawarar kafa sabon babban birnin tarayya a wannan yanki, aka yanki ƙasa mai yawa daga masarautar Abuja, sabon birnin ya ɗauki sunan, tsohon garin kuma ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu wanda ya rasu a 1979. Kwali ta faɗa cikin yankin birnin tarayya, Suleja ta zauna a Jihar Neja, ke nan garin haihuwarta da garin aikinta iyaka ta raba su. Wannan sauyin suna ya jawo wani ruɗani da har yau nake cin karo da shi. Duk inda aka rubuta cewa Ladi Kwali ta yi aiki a Abuja, yaran yanzu sukan ɗauka birnin tarayya ake nufi, alhali a lokacin da ta shiga cibiyar ko harsashin wancan birni ba a yi mafarkinsa ba. Akwai titi da babban zauren taro masu sunanta a sabon birnin, kuma tun 2007 hotonta yana bayan takardar naira ashirin tana gini, a gaban takardar kuwa Murtala ne, mutumin da a zamaninsa aka ɗauke wa garin sunansa. Na taɓa nuna wa jikokina takardar na tambaye su ko wace ce, babbar cikinsu ta karanta sunan daidai, amma ba ta san cewa wurin aikin matar bai kai tafiyar rabin sa'a da ƙafa daga gidan kakanninta ba.

Yanzu bari in zo kan bashin da na ambata. A ranar ziyarar nan, da za mu tafi, na haɗa kuɗin kashewata na sayi wani ɗan kofi daga cikin waɗanda suka ɗan sami tabo a wuta ake sayarwa da araha. A gindinsa akwai hatimi biyu, ɗaya na cibiyar, ɗaya kuma haruffa biyu, LK. Na kai wa mahaifiyata, ta sa shi a cikin jeren kwanukanta, daga baya ya koma abin zuba gishiri a madafa. Da na fara aiki na yi aure, aka sayi firiji da kofunan gilashi, aka kwashe tsofaffin kaya aka zuba a bayan ɗaki, har da randar ƙasa da muka sha ruwanta tun muna yara. Ban sake tuna kofin ba sai a 2022, lokacin da ɗana ya nuna mini a waya cewa kamfanin Google ya sa zanenta a shafinsa na farko don girmamawa, a shekarar da aka yi wani baje koli a Landan wanda aikinta ne ginshiƙinsa. Na je gidanmu na tona duk inda zan tona, ban sami ko ɓallinsa ba. Irin wannan kofi a yau yana cikin akwatin gilashi a gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan da wasu gidajen tarihi na Amurka, ni kuwa an ba ni shi a kan 'yan sulalla na bar shi ya bi shara. Ba Bature ne ya sace mini ba, ba kuma gwamnati ce ta yi sakaci da shi ba.

Ba kofin kaɗai muka yasar ba. 'Yan ajinmu za su tuna ƙungiyar tarihi da malamin nan ya kafa, inda yakan tura mu unguwa-unguwa da littafin rubutu mu zauna da tsofaffi. Ni an tura ni wurin wani dattijo da ya ga zuwan Turawa garin a 1902 yana yaro, ya nuna mini inda ganuwa ta bi da wuraren da ƙofofinta suke, na cika shafi goma sha biyu. Wasu an tura su wurin masaƙa da marina da makaɗan fada, wasu 'yan mata biyu kuma suka koma Gidan Tukwane suka rubuta sunayen kayan aiki da Gwaranci da Hausa. Duk littattafan nan an tara su a wani kabad a ɗakin malamai. Da muka gama makaranta babu wanda ya waiwaye su a cikinmu, malamin ya sami canjin wurin aiki, kuma duk wanda na tambaya a 'yan shekarun nan bai san inda suka shiga ba. Dattawan da muka yi hira da su babu ko ɗaya a raye, wurin da aka nuna mini ganuwa kuwa shaguna ne a kai.

Saboda haka ne a taronmu na bara na kawo shawarar mu nemi izinin hukumar makaranta a ba mu ɗaki ɗaya mu gyara shi da kuɗin ƙungiya, mu mai da shi ɗakin tarihin gari, mu kuma farfaɗo da ƙungiyar tarihi a tsakanin ɗalibai na yanzu, tun da wayar da ke aljihun kowane malami ta isa ɗaukar murya da hoto. Akwai matan da suka koyi gini a hannun waɗanda suka yi aiki da Ladi, a Kwali da Ushafa da cikin Suleja, kuma shekaru suna ja musu. Wasu 'yan'uwa sun ce gyaran rufin azuzuwa da ɗakin gwaje-gwaje ya fi gaggawa, ban kuma ce sun yi kuskure ba, shi ya sa na rage buƙatar zuwa kabad biyu masu gilashi da makulli da rajista guda, wadda za a rubuta kowane abu da sunan wanda ya kawo shi, kada a maimaita abin da ya sami littattafanmu.

Zuwa yanzu an yi alkawarin faranti biyu masu hatimin cibiyar daga gidan wata 'yar ajinmu, da randar gargajiya guda daga Kwali, ni kuma zan ba da kofen tarihin Abuja da na ambata. Abin da nake nema ruwa a jallo shi ne hoton da aka ɗauke mu a ƙofar Gidan Tukwane ranar ziyarar 1975, wanda marigayiyar take zaune a tsakiya malaminmu yana tsaye a gefenta. An wanke kofe da yawa a lokacin, kowa ya biya nasa. Duk wanda nasa yake nan, ko ya san inda ɗaya daga cikin littattafan ƙungiyar tarihi ya shiga, don Allah ya miƙa wa sakataren ƙungiya kafin taronmu na gaba, za a ɗauki hotonsa a mayar masa da abinsa.